Yadda na ɗaukaka ƙara kan hukuncin alƙali a gasar ces (chess) ta farko da na shiga a Kano

Assalamu alaikum. Tun ranar da aka gama gasar nan yara da yawa a guruf ɗinmu suke ta tambayata wai me ya faru a tebur na 23 har aka gan ni ina gudu neman mai POS da rana tsaka, to gara in rubuta sau ɗaya kowa ya karanta, musamman waɗanda a waya suka koyi ces irina kuma suke shirin zama gaban allo na gaske. Ni shekarata kusan huɗu ina bugawa a shafukan intanet na Lichess da Chess.com, amma ban taɓa zama da mutum ido da ido ana danna agogo ba sai wannan karon, kuma wallahi abin da ya kayar da ni ba rashin iya wasa ba ne, doka ce guda ɗaya da ban sani ba, sai kuma kunya.

Maganar rajista ba ta da wahala. Sanarwar a WhatsApp na gan ta, gasar gaggawa ce wadda ake ce wa rafid, minti 15 ga kowa da ƙarin sakan 10 a kan kowane motsi, zagaye 7 cikin kwana biyu, Asabar 4 Lahadi 3. Kuɗin shiga naira 3,000, na yi tiransifa na tura musu hoton rasit. Sai suka ce tunda za a saka sakamakon a lissafin FIDE, wato hukumar ces ta duniya, dole in samu lambar FIDE, ni kuma ba ni da ita. Lambar ta hannun hukumar ces ta Najeriya ake samun ta, masu shirya gasar ne suka karɓi cikakken sunana da ranar haihuwa da imel da hoton fasfo suka tura, kwana uku kafin gasa aka turo min. A nan ku kula, yadda ka rubuta sunanka a ranar farko haka zai bi ka, wani yaro ya ba da sunan da ake kiransa a gida daga baya ya zo yana ta faman a gyara. Kafin in biya kuma na tambaye su daga ina kuɗin kyauta zai fito, don mahaifina abin da ya fara tambayata ke nan, ya ce in dai kuɗin da kuka tara ne wanda ya ci zai kwashe to babu ruwansa kuma babu ruwana. Suka ce kyautar wani mai ɗaukar nauyi ne ya bayar, kuɗin shiga na hayar ɗaki ne da ruwa da man janareta. Da wannan amsar na samu izini a gida.

Ranar Asabar na fito daga Rijiyar Zaki tun bakwai da rabi, na hau adaidaita zuwa Kabuga na sake hawa wani, takwas da kwata ina wurin. An rubuta za a fara ƙarfe tara, ba a fara ba sai goma saura. A cikin wannan jiran ne na yi kuskuren farko. Wajen tara da rabi aka ce 'yan wasa su shigo za a yi taron bayani, ni kuma na ɗauka irin jawabin godiya ne da gabatar da manyan baƙi, sai na tsaya a waje ƙarƙashin darbejiya ina bitar buɗe wasa a wayata. Ashe a wannan taron ne babban alƙali ya karanta dokokin gasar: wanda ya makara minti 10 bayan an tayar da agogo ya faɗi, waya a kashe ta a miƙa a teburin alƙalai, mai ƙorafi a kan hukunci yana da minti 20 bayan an gama wasansa ya kawo a rubuce tare da ajiyar naira 5,000, kuma a nan ne aka zaɓi kwamitin ɗaukaka ƙara, mutum 3 da 'yan ko ta kwana 2. Duk ban ji ko ɗaya ba. Wayar ma Allah ne ya taimake ni, wani ya gan ni zan zauna da ita a aljihu ya ce malam kai ta can, don a dokar FIDE in aka ga waya a jikinka ana cikin wasa ka faɗi ke nan, ko ba ta yi ƙara ba. Aka sa ta a ambulan aka rubuta sunana.

Yanzu maganar ɗakin. Zaure ne dogo, mu kusan sittin, teburi 30. Teburan farko zuwa na goma suna can ciki ƙarƙashin fanka masu kyau, an ja igiya an kewaye su. Mu na baya kuwa daga na 20 zuwa na 30 a bakin ƙofa aka jera mu, kuma watan Afrilu ne, kowa ya san Kano a Afrilu. Ana cikin zagayen farko aka ɗauke wuta, aka tayar da janareta, shi kuma an ajiye shi daidai bayan tagar da ke kusa da mu, ga ƙara ga hayaƙi yana shigowa, fankar da ke samanmu kuma tana juyawa kamar mai ciwon baya. Zufa tana ɗiga daga haɓata a kan allon roba har sai da na sa hannun riga na goge gidan da sarkina yake. Wasu teburan kayan wasan ba su da nauyi, kana ɗan taɓa tebur sai bishof ya faɗi, agogon tebur na 26 kuma batirinsa ya mutu ana tsakiyar wasa. Masu kallo suna tsaye a kanmu, wani har yana jan tsaki idan mutum ya yi motsin da bai yi masa ba, alhali doka ta hana mai kallo sa baki ta kowace hanya. Alƙali ɗaya ne, matashi, yake kula da teburi goma sha biyar. Duk da haka na ci wasan farko, na faɗi na biyu, aka tashi sallar azahar, aka ce a dawo biyu da rabi.

A zagaye na uku aka haɗa ni da wani dattijo, sa'an mahaifina ne ko ya girme shi, farar riga da hula zanna, gemunsa duk furfura. Na durƙusa na gaishe shi kafin in zauna, ya amsa da fara'a ya ce Allah ya yi albarka. Ni ne da farare. Wasa ya yi nisa, na jera kwin ɗina, wato sarauniya, a gidan d3 bishof yana bayanta a c2, duka suna kallon gidan h7 da ke kusa da sarkinsa, dokinsa na f6 shi kaɗai yake tsare gidan. Ina kallo, da idona, Baba ya miƙa hannu ya kama dokin nan ya ɗaga shi sama har na ga koren ƙyallen da ke ƙarƙashinsa, ya tsaya da shi a iska kamar sakan biyu, sai ya hango abin da zai faru, ya mayar da shi gidansa a hankali, ya tura fon ɗinsa, wato ƙaramin soja, zuwa g6 ya toshe hanyar, ya danna agogo. Na san dokar taɓa-ka-motsa, kowa ya san ta: in ka taɓa ɗan wasanka na kan allo, kamar doki ko sarki, da nufin motsa shi dole shi za ka motsa in yana da inda zai je, sai dai in tun kafin ka taɓa ka faɗa cewa gyara zamansa za ka yi. Kuma Baba bai ce komai ba. In da an tilasta masa dokin, ko dai cekmet a h7, wato a ritsa sarkinsa wasa ya ƙare, ko ya yi asarar dokin a banza. Gabana ya faɗi, na ɗago na kalle shi, shi kuma idonsa na kan allo. Bakina ya yi nauyi. Ta yaya zan ɗaga hannu in kira alƙali a kan mutumin da na durƙusa wa minti ashirin da suka wuce, a gaban jama'a in ce ya yi ba daidai ba? Agogona yana ta tafiya, saura min minti huɗu da wani abu, sai kawai na tura ruk ɗina na danna. Bayan motsi biyu zuciya ta ci ni, na ga wasan da ke hannuna yana zamewa, sai na miƙe ba tare da na tsayar da agogo ba na je na kamo alƙalin.

Ya zo ya tsaya, na faɗa masa abin da ya faru muryata tana rawa. Abin da ya fara cewa shi ne, ni ban gani ba. Sai ya juya ya tambayi masu kallo wa ya gani, nan take wuri ya kaure, wannan ya ce an taɓa, wancan ya ce gyarawa ya yi, 'yan tebur na 22 da na 24 suna ta cewa a yi musu shiru. Daga ƙarshe ya ce a ci gaba da wasa, bai faɗa min dalili ba, bai buɗe takardar doka ba, kuma duk wannan hayaniyar agogona ne yake ci don babu wanda ya tsayar da shi. Na zauna da minti ɗaya da sakan kaɗan, hannuna yana karkarwa, ban kai motsi goma ba lokacina ya ƙare. Aka kawo takardar sakamako, na ƙi sa hannu don ina tsoron in na sa shi ke nan na yarda. Wani ɗan wasa babba da ya saba zuwa gasa a Legas da Abuja ya ja ni gefe ya ce ƙanena sa hannunka, doka ta ba ka damar ɗaukaka ƙara ko ka sa hannu, amma ka yi sauri minti 20 gare ka kuma biyar sun tafi. Daga bakinsa na fara jin akwai wani abu wai shi kwamiti.

Na je teburin alƙalai na ce wa babban alƙali, ranka ya daɗe ina so in ɗaukaka ƙara. Bai nuna ɓacin rai ba, ya duba agogonsa ya rubuta lokaci, ya ce a rubuce, da ajiyar 5,000 kuɗi hannu, ba sa karɓar tiransifa don akawun ɗin na rajista ne kawai. Aljihuna 1,800 ne kuɗin mota da abinci. Na karɓi wayata na fita da gudu, mai POS na farko ya ce babu netwok, na biyu can tsallaken titi ya ba ni ya cire 100 na caji. Na dawo jiƙe sharkaf, saura minti shida, babu takarda, wata yarinya daga cikin 'yan wasa ta yago min falle daga littafinta. Abin da na rubuta a tsaye a kan taga shi ne sunana, zagaye na 3, tebur na 23, sunan abokin wasa, abin da ya faru a jere, hukuncin da alƙali ya yanke, da abin da nake nema wato a mayar da wasa inda aka taɓa dokin. Da Turanci na rubuta amma daga baya babban alƙali ya ce ko da Hausa ne za su karɓa. Ya karɓa, ya rubuta min shaidar karɓar kuɗi a wata 'yar takarda ya sa hannu. Ku nemi wannan shaidar ko ba a ba ku ba.

Jiran ne ya fi komai ciwo. Ba za a iya fitar da haɗin zagaye na huɗu ba sai an san sakamakon wasanmu, don tsarin Siwis ake bi, kwamfuta tana haɗa masu maki iri ɗaya, ke nan mutum sittin suna zaune cikin zafin nan saboda ni. Ina jin ana cewa wane ne, ana nuna ni da baki, wani ma ya ce yaron yanzu ba kunya, dattijo zai kai ƙara. Wannan maganar ta soke ni ƙwarai don kunyar ce ma ta kai ni inda nake. Ɗaya daga cikin 'yan kwamitin kulob ɗinsu ɗaya da Baba, sai aka cire shi aka sa ɗan ko ta kwana, wannan ya kwantar min da hankali. Aka yi la'asar tukuna, sannan aka kira mu wani ƙaramin ofis, kusan minti 50 bayan na miƙa takarda.

Mutum uku a zaune, allo a gabansu an jera wasan kamar yadda na kwatanta, don a rafid ba dole ba ne a rubuta motsi, babu wata takarda da za a duba sai abin da muka tuna. Ni aka fara ji, sannan alƙalin, sannan Baba. Na ɗauka zai musa. Wallahi bai musa ba, ya ce na taɓa dokin kuma na ɗaga shi, ba zan yi ƙarya a kan wasa ba da furfurata, hannuna ne ya riga tunanina, da yaron nan ya yi magana a lokacin da dokin zan motsa. Na ji wani sanyi, na ce a raina shi ke nan na yi nasara. Sai shugaban kwamitin ya juyo ya ce, samari, bayan ya tura fon ɗin kai ka yi motsi? Na ce na yi. Nawa? Na ce biyu ko uku. Ya buɗe dokokin FIDE a wayarsa, waɗanda suka fara aiki 1 ga Janairun 2023, ya nuna min sashe na 4.8 ya fassara min: haƙƙinka na yin ƙorafi a kan taɓa-ka-motsa yana faɗuwa ne da zarar kai ma ka taɓa ɗan wasa da nufin motsa shi ko cinye shi. Ba sai ka danna agogo ba, taɓawar kawai. Ya ce Alhaji ya yi kuskure kuma ya amsa, amma ƙofar ta rufe tun lokacin da ka kama ruk ɗinka. Aka ce mu fita, bayan minti biyar aka kira mu, sakamako ya tsaya yadda yake. Amma suka ce ƙorafin ba na neman fitina ba ne don haka a mayar min da 5,000 ɗina, kuma a gabana suka faɗa wa matashin alƙalin cewa ya kamata ya tsayar da agogo da zuwansa, ya bayyana min dalilin hukuncinsa, kuma bai kamata ya mayar da tebur dandalin jin ra'ayin 'yan kallo ba. Na fito idona ya ciko, ba don makin ba, don na ga da bakina na buɗe na sakan ɗaya da ba a zo nan ba.

A cikin takardata na cusa maganar zafi da janareta, kwamitin suka ce wannan ba hurumin su ba ne, su hukuncin alƙali kawai suke dubawa, maganar ɗaki a kai wa babban alƙali da masu shirya gasa, don cikin aikin alƙali akwai tabbatar da wurin wasa ya dace kuma ba a damun 'yan wasa. To da daddare na zauna na rubuta wata daban, ban zagi kowa ba, na jera abin da na gani da lambar tebur: janareta a bayan tagar tebur na 20 zuwa na 30, fanka ɗaya ba ta aiki sosai, agogon 26, babu igiya tsakaninmu da 'yan kallo, alƙali ɗaya a kan teburi 15, sannan na roƙi a manna dokokin gasa a bango saboda irina da ba su ji taron bayani ba. Da safe na buga ta a shagon kwamfuta naira 200, na zagaya mutum 14 suka sa hannu, har da Baba. Ranar Asabar kowa yana ta mita a baki babu abin da ya canza, amma ranar Lahadi kafin zagaye na shida an ja janareta zuwa bayan ginin da doguwar waya, an ɗaura igiya, an manna dokokin a ƙofa da salatif. Fankar dai haka ta ƙare, ƙarin alƙali kuma suka ce babu kuɗinsa a wannan karon.

Don haka ɗan'uwa in za ka je, kada ka bar taron bayani ko da ka ga kamar ɓata lokaci ne, a nan ake faɗin mintin ƙorafi da kuɗin ajiya, kuma kowace gasa da nata. Ka riƙe kuɗi a hannu da biro da takarda. In abu ya faru a kan allo kada ka taɓa komai, kada ka yi gardama da abokin wasa, tsayar da agogo ka ɗaga hannu, doka ta ba ka damar tsayar da shi don neman alƙali, kuma haka yake ko a kan haramtaccen motsi ne, in ka riga ka mayar da naka a irin wannan gasar to ya wuce. Mu 'yan waya sai mun kula da hannunmu ma, hannun da ka motsa da shi da shi za ka danna agogo, in za ka yi kasul, wato motsa sarki da ruk a tare, sarki za ka fara taɓawa ba ruk ba, kuma hannu ɗaya. Game da manya kuma, tsayar da agogo ba rashin ladabi ba ne, kana iya cewa Baba a yi haƙuri zan kira alƙali, da muryar da za ka gaishe shi da ita.

Na gama da maki 3 da rabi cikin 7. Ana kwashe kaya bayan rabon kyauta ina tsaye a bakin titi ina jiran adaidaita, sai ga Baba ya tsaya da motarsa ya sauke gilas ya ce ɗana ina ka nufa, na ce Rijiyar Zaki, ya ce shigo in sauke ka a Kabuga. A hanya yake ba ni labarin yadda suka koyi ces tun suna makarantar kwana da allon kwali da suka zana da kansu. Da zan sauka ya ce duk Juma'a bayan la'asar suna zama a ƙofar gidansa su huɗu, in zo da agogo in ina da shi, kuma mu fara daga inda ya ɗaga dokin nan yana so ya ga ko da gaske zan iya ƙarasawa. Juma'ar da ta wuce na je, mun jera wasan, ya motsa dokin zuwa e4.